Kuɗin cefane yana ƙarewa 20 ga wata, kuma ni ake zargi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, 'ya'yana huɗu, babban yana shekara 11, ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba. Maigidana ma'aikaci ne, shekara biyu albashinsa bai motsa ba, kaya kuwa kullum hawa suke yi. Kuɗin cefanen da yake ba ni a farkon wata, kafin 20 ga wata ya ƙare. In na yi magana sai ya ce ban iya tattali ba, wai ai da wannan kuɗin muke kai wa ƙarshen wata a da. Na rage nama, na daina sayen duk wani abin marmari, yanzu har na koma ba na cin abincin rana don yara su ƙoshi, shi kuma bai sani ba. Na fara karɓar kaya bashi a wani shago, wata ƙawata kuma ta ce in gwada manhajar ba da rance ta waya. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Anti, a ina nake kuskure? Me ya rage da zan rage?

Wata uwa da ta rasa mafita

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin mu shiga kasuwa, ga abin da nake so ki fara yi: gobe ki ci abincin rana. Ba wasa nake ba. A cikin duk abin da kika rubuto, wannan ne ya fi tsaya mini a rai, don shi ne ragin da ya fi tsada. Ke ce mai girki, ke ce mai wanki, ke ce mai tashi da dare in yarinya ta yi kuka, kuma ba ki daɗe da gama shayarwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini, tun ma kafin su fara hana kansu abinci. Ranar da jiri ya kayar da ke, kuɗin magani na kwana uku zai cinye duk abin da kika ajiye da yunwar wata guda, a kuma rasa mai riƙe gidan. Kwanonki ba ya cikin abubuwan da za mu rage.

Kin tambaya a ina kike kuskure. Zo mu yi lissafi, wanda ɗanki na shekara 11 ma zai iya. Kuɗin da yake ciyar da gida kwana 30, idan farashi ya hau da kashi 25 cikin 100 kuma kuɗin bai ƙaru ba, kwana 24 zai yi. Idan ya hau da kashi 50, kwana 20 cif. Kin ga inda 20 ga watanki ta fito ke nan. Mai yiwuwa hannunki bai canza ba ko kaɗan, kuɗin ne ya rame. Tun a shekarar 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya duba yadda iyalan ma'aikata ke kashe kuɗi, ya lura cewa iya ƙarancin samun gida, iya girman kason da abinci ke ɗauka daga cikinsa. Saboda haka in abinci ya yi tsada, mai hali ƙorafi kawai yake yi, mai ƙaramin ƙarfi kuwa tukunyarsa ce ke ji a jika. Kuma ba gidanku kaɗai ba ne. Ma'aunin farashin abinci na duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa duk wata ya kai inda bai taɓa kai wa ba a watan Maris na 2022, makonni kaɗan bayan Rasha ta afka wa Yukren, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu fitar da alkama da man girki. In kuma maigida ya ji a labarai an ce hauhawar farashi ta ragu, a fahimtar da shi cewa saurin hawan ne ya ragu. Kayan suna nan inda suka hau.

To amma da baki ba za ki iya gamsar da shi ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Shi abin da ya sani shi ne adadin da ya miƙa. Rabonsa da ya tsaya gaban mai kaya ya ji farashi da kunnensa wataƙila an jima. Ke kuma kin san komai ya hau, amma in aka ce ki faɗi inda kuɗin makon jiya ya tafi, dalla-dalla, za ki yi ta inda-inda, sai ya ɗauka gaskiyarsa ce ta fito. Maganin wannan ƙaramin littafi ne da biro. Mako biyu, ki rubuta duk abin da ya fita daga hannunki: ranar, kayan, yawansa, kuɗinsa. Har ashana. Har ɗan abin da aka saya wa yaro don ya yi shiru a hanya. Kada ki canza komai a waɗannan makonni biyu, kada ki gyara don littafin ya yi kyau. So muke mu ga gidan yadda yake.

Ni ma na taɓa yi, a wata shekara da abubuwa suka tsaya mana cak. Na rantse a lokacin nama ne ke cinye mana kuɗi. Da na tattara shafukan, sai na ga nama bai kai inda nake zato ba. Abin da ya ba ni kunya shi ne aike. "Jeka ka sayo ɗan sukari." "Ruga ka karɓo ɗan mai, ya ƙare ina tsakiyar girki." Sau goma sha wani abu a mako, kowanne a mafi ƙanƙantar ƙulli, wato a mafi tsadar farashi, kuma canjin da ya rage ba ya dawowa. Ɗan hakin da na raina shi ya tsone mini ido. Naki littafin zai iya nuna miki wani abu dabam, shi ya sa ba zan ce miki ki rage kaza ba tun ban gani ba.

In makonnin sun cika, ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, yara sun yi barci, ba ranar da kuɗin ya ƙare ana cikin ɓacin rai ba. Ki ajiye littafin a gabansa ki ce, "Baban yara, ga yadda kuɗin ya tafi. Duba mini, in akwai inda ka ga za a rage, mu rage tare." Kada ki haɗa da "ai na faɗa maka". Sannan ki roƙe shi cefanen mako mai zuwa ya je da kansa, ko ku je tare, da jerin kayan a hannunsa. Gani ya kori ji. Maza da yawa da ke cewa matansu ba su iya tattali ba, fita ɗaya suke yi su dawo da leda rabi, su zauna shiru. A wannan zaman ne kuma za ki faɗa masa maganar abincin rana da maganar bashin shago. Na san za ki ce ai fushi zai yi. Zai iya yi. Amma gara ya ji daga bakinki yau da ya ji daga bakin mai shago bayan wata uku.

Yanzu mu shiga kicin, don tattalin cefane daga nan yake farawa kafin a je kasuwa. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci kusan tan biliyan 1.05 a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, kimanin kilo 79 ga kowane mutum a shekara. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne bambanci tsakanin gidajen ƙasashe masu arziki da na masu matsakaicin samu bai taka kara ya karya ba. Na san za ki ce ke ba kya zubar da komai, kuma na yarda ba kya ɗaukar kwano cike ki kife a shara. Asarar gida ba haka take zuwa ba. Takan zo ne a ɗan ragowar da aka bari a tukunya ya kwana ya yi tsami, a ganyen da ya yanƙwane a ƙasan kwando, a hatsin da ƙwari suka shiga saboda bakin buhun a buɗe yake. Ranar da na kwashe kabad ɗina kaf na jera komai a ƙasa, na tarar da kwalin abu ɗaya har guda uku, duk a buɗe, duk rabi-rabi, na can ciki ya dunƙule ya zama dutse. Kowanne na saye shi ne ina tsammanin babu. Ki yi irin wannan kwashewa kafin kowane babban cefane, tsohon kaya a gaba, sabo a baya, kayan busasshe a mazubi mai murfi da ba ya shan iska.

Ki kuma samu kofi ɗaya ya zama ma'auninki. Yawancinmu da ido muke zuba shinkafa ko gari, ido kuwa kullum tsoron kada a rasa yake yi, sai ya ƙara. Ki auna na kwana uku ki ga kofi nawa ke ƙosar da gidanki ba tare da ragowa ba, ki tsaya a nan. In ragowar ta samu duk da haka, ki ba ta aiki tun a daren, ki san cewa karin kumallon gobe ce. Sai dai a nan akwai iyaka. Ƙa'idar masana lafiya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki. Ko dai ya shiga firji ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Celsius, ko ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, kuma in za a ɗumama a ɗumama shi har ya yi tururi ciki da waje. In babu firji, ko wuta ba ta da tabbas, dafa daidai ci ya fi. Hatsi ko gyaɗar da ta yi funfuna kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Wani irin funfuna yana fitar da guba mai suna afulatoksin da ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta.

A kasuwa, abu ɗaya nake so ya zama miki jiki: ki daina tambayar nawa ne wannan, ki koma tambayar nawa ne kilo ɗaya ko lita ɗaya na wannan. Kamfanoni sun daɗe da gane cewa mutane suna haddace farashi amma ba sa haddace nauyi, don haka sai su bar farashin yadda yake su rage abin da ke ciki. Kwalin da a da yake kilo 1 ya koma gram 900, kwalin iri ɗaya, launin iri ɗaya. An ƙara miki kusan kashi 11 cikin 100 ke nan ba ki ji ba. Wayarki tana da kalkuleta, ki raba kuɗin da nauyin, ki kwatanta. Sau da yawa babban mazubi ya fi araha, amma ba kullum ba, ni na sha kama ƙarami ya fi. A manyan kantuna kuma, kayan da aka fi cin riba a kansu su ake jerawa daidai tsayin ido, masu sauƙin kuɗi sai kin sunkuya ko kin ɗaga kai. Gishiri, sukari, gari, taliya, sabulun wanki: a irin waɗannan, suna kawai ake biya, wanda ba a tallarsa a talabijin zai yi miki aiki iri ɗaya.

Kowa zai ce miki ki sayi kaya sari. Shawara ce mai kyau ga mai kuɗi a hannu, kuma wannan na cikin rashin adalcin talauci, cewa wanda ya fi buƙatar araha shi ne ba ya iya kai wa gare ta. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a bi abu ɗaya-ɗaya. Wannan watan ki sayi babban mazubin mai, ki ci gaba da sayen sauran yadda kika saba. Wata mai zuwa babu sayen mai, sai kuɗinsa ya koma kan hatsi mai yawa. Cikin wata huɗu ko biyar kin fita daga sayen ƙulli-ƙulli a kan manyan kayan gida. Ko ku haɗa kuɗi da mutum biyu ko uku da kika yarda da su ku sayi buhu ku raba, a auna a gaban kowa don kada zumunci ya lalace a kan kofi ɗaya. Sari na abin da ba ya lalacewa ne kuma kuke ci kullum. Kuma ki sani, kaya in ya yi yawa a gida hannu yakan sake. Ki zuba na mako a ƙaramin mazubi, ki ɗaure babban ki ture shi nesa.

Sauran dabarun kin san su, tunatarwa ce kawai. Kada ki fita cefane da yunwa, kada ki fita ba jeri a rubuce, in da hali ki bar yara a gida. Kayan lambu ki bi lokacinsu, abin da ya cika kasuwa shi ne mai araha kuma shi ne mai daɗi. Masu kayan da ke saurin lalacewa sukan sauko da farashi dab da tashi. Rangwame a kan abin da ba ki fito saye ba, kashe kuɗi ne da aka yi wa kwalliya. Kwanan watan da ke jikin kaya kuwa iri biyu ne: akwai mai cewa abin ya fi inganci kafin rana kaza, irin na taliya da kayan gwangwani, wanda kusantar ranar ba ta sa shi ya zama haɗari in mazubin lafiya yake, don haka in an yi masa ragi ki ɗauka. Akwai kuma mai cewa kada a ci bayan rana kaza, irin na nama da ɗanyar madara. Wannan ba a wasa da shi.

Kin ce kin rage nama, kuma na ji kamar da ciwon rai kika faɗa. Ki kwantar da hankalinki. Wake da danginsa suna da sinadarin gina jiki mai yawa, kuma abin da ya yi musu ƙaranci hatsi yana da shi, abin da ya yi wa hatsi ƙaranci su suna da shi. Shi ya sa kusan kowace al'umma a duniya tana da wani abinci da ya haɗa su biyun, ba tare da wani likita ya koya musu ba. Ƙwai ma yana cike gurbi mai yawa, musamman ga 'yar autarki, wadda cikinta ƙarami ne amma buƙatarta babba. Ɗan naman da aka samu a yanka ƙanana ya bi miya kowa ya ji ɗanɗanonsa. Abin da ban so ki yi shi ne ki cika cikin yara da tsurar hatsi kina ganin sun ƙoshi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar gram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana ga babban mutum. Ko ba ku kai nan ba, kada ganye ya ɓace daga tukunya. In littafinki ya nuna lemon kwalba, biskit da alewa, daga nan za ki fara yanka. Makamashi ma cefane ne, ko da ba a cinsa: ki jiƙa wake tun dare, ki rufe tukunya, ki rage wuta da zarar ya tafasa, don ruwan da ke tafasa a hankali da mai tafasa da ƙarfi zafinsu ɗaya ne.

Maganar manhajar rance kuwa, a'a. Ki gode wa ƙawarki ki bar shawararta a inda ta ajiye ta. Irin wannan rance da wata ko da mako ake lissafin ruwansa don ya yi kama da kaɗan. Kashi 10 cikin 100 a wata, in ana sabuntawa ruwan yana hawa kan ruwa, cikin wata 12 bashin ya ninka fiye da sau uku. Kuma abinci za ki saya da shi, abin da zai ƙare cikin kwana goma ya bar ki da wata mai zuwa da ya fi wannan gajarta. Wasu daga cikin masu irin waɗannan manhajoji sukan nemi izinin shiga lambobin wayarki, in an makara su aika wa dangi da abokai saƙon tozarci. Ke da kunya ta hana ki faɗa wa mutum ɗaya, ki yi tunanin wannan. Ban ga laifinki da abin ya ba ki sha'awa ba. A wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2013, an yi wa manoman rake fiye da 400 a Tamil Nadu ta Indiya gwajin tunani kafin girbi, lokacin da aljihunsu ya bushe, da kuma bayan girbi. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari bayan kuɗi ya shigo. Rashi yana cinye wani ɓangare na hankalin mutum, sai abin da zai kashe wutar yau kawai yake gani. Saboda haka kada ki yanke shawarar kuɗi a daren da tukunya take wayam.

Bashin shago ya fi sauƙi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ki je ki tambayi jimillar, ki rubuta a bayan littafinki, ku yi magana a kan abin da za ki riƙa biya duk wata, ki kuma daina ƙarawa a kai. Mai shago ya fi son wanda ya zo da kansa a kan wanda ya fara canza hanya.

Akwai wata gaskiya da masu ba da shawarar tattali ba sa son faɗa. Tattali yana da ƙasa, in an kai ta ba a iya haƙawa. Duk abin da na lissafa miki zai iya dawo miki da wasu kwanaki daga cikin goman da suka ɓace, amma ban yi miki alkawarin zai dawo da su duka ba. In kun toshe duk wata ɓaraka littafin ya nuna har yanzu akwai giɓi, to matsalar ta tashi daga ta cefane ta koma ta samu, kuma wannan ba nauyinki ke kaɗai ba ne. Sai ku duba sauran kuɗaɗen gidan ku biyu: kati da data, sufuri, gudummawar bukukuwa, abin da shi yake kashewa a waje da rana, da kuma ko akwai wata sana'a da ɗayanku zai ƙara. Magani, tsaftataccen ruwa, sabulu da abincin ƙaramar yarinya ba sa shiga wannan lissafi. Ki kuma nemi mutum ɗaya, yayarki ko wata babba da ba ta da surutu, ki faɗa mata halin da kike ciki. Ba mamaki ki tarar ita ma tana da nata littafin.

Ki raba kuɗin wata mai zuwa kashi biyar tun ranar da ya shigo: huɗu na makonni, na biyar na manyan kaya da kwanakin da suka haura 28. Kowanne a ambulan ɗinsa, kada ki taɓa na mako mai zuwa ko da na wannan makon ya ƙare ranar Alhamis, sai dai a ci abin da ke kabad. Bayan mako uku ki sake rubuto mini, ki faɗa mini abubuwa uku da suka fi cin kuɗi a littafin, da abin da baban yara ya ce da ya dawo daga kasuwa. Ki kuma faɗa mini me kika ci da rana.